Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Kula da Tsohuwar Maƙerar Tredegar ta Bakin Kogin James

Zuwa ga shugabanni da amintattun Gidan Tarihin Yaƙin Basasar Amurka, da sauran hukumomin da ke da hannu wajen kula da harabar Tredegar, birnin Richmond, jihar Virginia.

Masu girma shugabanni,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku game da wurin da aka damƙa muku amanarsa. Ni ɗan gidan maƙera ne, na fara jan zuga-zugi a gaban kakana tun kafin in san baƙi da wasali, daga baya karatu ya kai ni fannin sarrafa ƙarafa, neman abinci kuma ya zaunar da ni a wannan birni naku. Na rubuta wasiƙar da harshena na gado ne saboda ina son 'yan'uwana su karanta ta tare da ku, domin da yawansu sun ji labarin yaƙin basasar Amurka amma ba su taɓa jin sunan maƙerar da ta ƙera wa ɓangaren Kudu makamansa ba. Ban zo da ƙorafi ba. Na sha zuwa Tredegar, ban taɓa fita ba tare da na ƙaru ba, kuma na san irin jan aikin da aka yi kafin kangon da ya rage ya zama wurin da mutum zai kai iyalinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙaramin abu ne. Wata ranar Asabar na tsaya da ɗana a gaban wata igwa, ina ba shi labarin inda aka harba irinta, sai ya katse ni ya ce shi ba wanda ya harba yake tambaya ba, wanda ya zuba ta yake son sani. Tambayar ta yi mini nauyi, don a gidanmu idan aka ɗauki fartanya ko gatari, abin da ake fara tambaya shi ne hannun wa ya fito da shi. Sai na koma na yi lissafi. An kafa wannan ma'aikata a 1837, an kuma sayar da filinta a 1957, wato shekara 120 ana hura wuta a wurin. Yaƙin da ya ba gidan tarihinku suna bai wuce shekara 4 ba a cikin waɗannan. Bayan haka wurin ya sake yin kusan shekara 70 yana sauya hannu da sauya aiki. Roƙona shi ne a ƙara faɗaɗa wa sauran shekarun wuri, musamman a fito da mutanen da suka tsaya a bakin wutar, waɗanda da yawansu ba su mallaki ko kansu ba.

Labarin ya fara ne da ruwa, ba da ƙarfe ba. Richmond tana zaune ne a daidai inda kogin James ke gangarowa a kan duwatsu kafin ya kwanta ya nufi teku, kuma domin jiragen ruwa su kauce wa duwatsun aka haƙa mashigin ruwan James da Kanawha a gefen tudu, sama da kogin. Duk wanda ya sami fili tsakanin mashigin da kogin ya sami ƙarfi na kyauta, don abin da zai yi kawai shi ne ya buɗe wa ruwan hanya ya faɗo a kan babbar ƙafar da za ta juya injinansa, sannan ya wuce ya koma kogi. Shi ya sa tun kafin Tredegar akwai injinan niƙan alkama a wurin, akwai kuma gidan ƙera makamai na jihar Virginia a maƙwabtaka. Mashigin nan shi ne kuma ke kawo ɗanyen ƙarfe daga tanderun da ke yammacin jihar, ga kwal a kusa, a ramukan Midlothian da ke gundumar Chesterfield. Francis B. Deane da abokan kasuwancinsa suka haɗa waɗannan abubuwa uku, suka ɗauko wani gwani mai suna Rhys Davies da wasu ma'aikata waɗanda suka koyi sana'ar a garin Tredegar na yankin Wales a Birtaniya, daga nan sunan ya samo asali. Yau baƙo zai iya ratsa harabar bai lura da cewa yana taka hanyoyin ruwan da suka juya komai ba. Da za a sake sako ruwa a ɗaya daga cikinsu, ko da ɗan kaɗan ne, ya juya ƙafa ɗaya a gaban idon yara, da ya koyar da abin da allo goma na rubutu ba za su koyar ba, don gani ya kori ji.

Ma'aikatar ta faɗo a mugun lokaci, domin a shekarar da aka kafa ta tattalin arzikin Amurka ya karye, ta yi ta tangal-tangal har aka ɗauko Joseph Reid Anderson a 1841 a matsayin wakilin ciniki. Matashi ne da ya fito daga makarantar sojoji ta West Point a 1836, ya san injiniyanci, ya kuma san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa a Washington. Ya karɓi hayar ma'aikatar a 1843, ya saye ta a 1848. Ya samo kwangilar zuba wa gwamnatin tarayya igwa, abin da ke da ban mamaki idan aka tuna inda bakin igwoyin Tredegar ya juya daga baya. A hannunsa aka riƙa ƙera kan jirgin ƙasa, da ƙarfen dogo, da ƙusoshi, da injinan jiragen ruwan yaƙi, da injinan matse rake da ake kai wa gandayen Louisiana. Zuwa 1860 Tredegar ce ta uku a girma cikin ma'aikatun ƙarfe na Amurka, kuma babu kamarta a duk faɗin Kudu.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin nan ne sana'ar take. Ɗanyen ƙarfen da ke fitowa daga tanderu yana ɗauke da sinadarin gawayi mai yawa a jikinsa, shi ya sa yake da gautsi: yana zubuwa a mazubi lafiya lau, amma idan aka ɗora shi a uwar maƙera aka sa masa masaba sai ya fashe. Kafin ya zama ƙarfen da za a iya lanƙwasawa ko a mulmula, sai an ƙone wannan sinadari, kuma a wancan zamani hannun mutum ne ke yin haka. Ana zuba ɗanyen ƙarfen a wani murhu mai rufi wanda harshen wuta ke lasar kansa ba tare da kwal ya taɓa shi ba, idan ya narke sai mutum ya tsaya a bakin wata 'yar ƙofa da doguwar sandar ƙarfe yana tuƙa shi, kamar yadda ake tuƙa tuwo, sai dai wannan tuwon yana iya makantar da ido ya kuma gasa fata daga nesa. Yayin da sinadarin ke ƙonewa sai ƙarfen ya fara kauri yana dunƙulewa, mai tuƙin ya tara shi curi-curi, a ciro kowane curi da awartaki a kai shi ƙarƙashin babbar guduma a matse kashin da ke cikinsa, sannan a wuce da shi wurin mulmulawa tun yana ja. Babu ma'aunin da ke gaya wa mai tuƙin cewa lokaci ya yi. Launin wuta yake karantawa, da nauyin da yake ji a sandar, kamar yadda kakana ke duban jan ƙarfe ya san ko a buga ko a mayar cikin gawayi. Ilmi ne da ake ɗaukar shekaru ana koyo, masu shi kuma ba sa bayar da shi ga kowa, sai ɗa ko yaron da suka yarda da shi. Saboda haka su ne suka fi kowa albashi a ma'aikatar, su ne kuma suka fi kowa ƙarfin faɗa a ji.

Wannan ƙarfi nasu shi ne Anderson ya ƙudura karyawa. Ya ga cewa idan aka koya wa bayi tuƙin ƙarfe da mulmula shi, kuɗin aiki zai sauka, kuma bawa ba ya yajin aiki, ba ya kuma tattara kayansa ya koma Pittsburgh, birnin masana'antun ƙarfe na Arewa, don an ƙara masa kuɗi a can. A watan Mayun 1847 ƙwararrun ma'aikata farare suka ajiye aiki, suna neman a janye bayi daga waɗannan gurabe. Anderson bai zauna da su ba, sai ya sallame su, ya ce su fice daga gidajen kamfanin, manyan gari da jaridun Richmond kuma suka goya masa baya, domin a ganinsu idan ma'aikaci ya sami ikon hana ubangida sa bawansa aikin da ya ga dama, to an taɓa tushen bautar kanta. Ina ganin wannan yajin aiki ya cancanci ɗaki guda shi kaɗai, saboda babu wanda ya fito daga cikinsa da tsabtataccen hannu in ban da waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba. Masu yajin ba 'yanta bayi suke nema ba, abincinsu suke karewa, kuma da ƙyamar baƙar fata suka yi hakan. Mai kamfanin kuma ba don ya yarda da basirar baƙar fata ya buɗe mata ƙofa ba, riba yake bi. Amma duk da haka abin da ya faru ya ƙaryata babbar hujjar masu bautar da mutane, don mutumin da ake cewa ba shi da hankalin riƙe kansa shi ne aka damƙa wa aikin da ya fi kowane buƙatar hankali a ma'aikatar. Shekara 14 kafin a harba harsashin farko, rigimar da ta kawo yaƙin tana nan a tsaye a bakin murhun Tredegar.

Wasu daga cikin bayin nan Anderson ne ya saye su, wasu kuma hayarsu yake ɗaukowa shekara-shekara daga iyayen gijinsu, ana ƙulla cinikin a farkon shekara, kuɗin ya tafi aljihun ubangida. Idan bawa ya yi aikin da ya wuce abin da aka yanka masa, akan biya shi ladan ƙarin a hannunsa. Bahaushe da ya san tarihin ƙasarsa ba zai ji wannan baƙon abu ba, don mu ma mun yi bauta, muna kuma da kalmar murgu, wato abin da bawa ke biyan ubangijinsa don a bar shi ya yi sana'arsa. Ban kawo wannan don in daidaita tsarin biyu ba, na kawo ne don kada a ce na zo ina nuna yatsa daga gidan da ba shi da tabo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, duk inda ake haya ana biyan kuɗi to akwai rubutu. Littattafan kamfanin Tredegar suna nan a ajiye a Ɗakin Karatu na Virginia, cikin wannan birni, masana tarihi kuma sun daɗe suna aiki da su. A cikin irin waɗannan littattafai ne ake samun sunan mutum, ko da sunan yanka ne kawai, da sunan wanda ya mallake shi, da aikin da yake yi. Ina roƙon a tattara duk sunan da za a iya samu a rubuta a jikin bango a cikin harabar, kowane suna da sana'arsa a gefe: wane mai tuƙin ƙarfe, wane mai mulmulawa, wane maƙeri, wane matuƙin jirgin dakon kaya. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba ce tsakanin Tredegar da unguwar Shockoe Bottom, inda kasuwar bayi ta Richmond take, wadda in ban da ta New Orleans babu mai girmanta a ƙasar. A can ana tuna mutanen nan a matsayin waɗanda aka sayar. A Tredegar ne kaɗai za a iya tuna su a matsayin gwanaye.

Shekarun yaƙin kun fi ni saninsu, don haka ba zan tsawaita ba. Kasancewar wannan ma'aikata na cikin dalilan da suka sa jihohin da suka ɓalle suka ɗauke babban birninsu daga Montgomery ta jihar Alabama suka dawo da shi Richmond a 1861. Ta zuba igwa kusan 1,100, wato wajen rabin duk abin da Kudu ta ƙera da kanta. Ita ce ta mulmula farantan ƙarfe, sama da tan 700, da aka lulluɓe jirgin yaƙin Virginia da su, wanda ya nutsar da jiragen katako na gwamnatin tarayya a Hampton Roads ranar 8 ga Maris 1862, washegari kuma ya kara da Monitor, jirgin ƙarfe na gwamnatin tarayya. Anderson kansa ya shiga soja da muƙamin birgediya janar, aka ji masa rauni a ƙarshen Yunin 1862, ya ajiye kaki ya koma ma'aikata, inda ya fi amfani ga ɓangarensa. Abin da mai sana'a zai lura da shi a nan shi ne ƙarancin ɗanyen ƙarfe, wanda ya hana ma'aikatar yin aiki da cikakken ƙarfinta tun daga farko har ƙarshe, har aka kai ga tumɓuke tsofaffin layukan dogo ana mulmula su. Kamfanin ya karɓi tanderu da ramukan kwal da kansa don ya cike giɓin, kuma da yake an kwashe farare zuwa fagen daga, ɗaruruwan bayi ne suka riƙe wannan aiki a birni da ƙauye. Ma'anar haka ita ce an sa mutane su ƙera makaman da ake yaƙi da su don a tabbatar da zamansu bayi.

Akwai wasu hannuwan da nake son a haɗa cikin lissafi. A tsibirin Brown, wanda ɗan siririn ruwa ne kawai ya raba shi da harabarku, akwai wurin ɗura albarushi a harsasai, mafi yawan ma'aikatansa mata ne da 'yan mata ƙanana 'ya'yan talakawa. Ranar 13 ga Maris 1863 wurin ya fashe, mutum sama da 40 suka rasu. Bayan wata biyu gobara ta tashi a masaƙar ulu ta Crenshaw ta ci wani sashe na Tredegar, kuma a kan harsashin wannan masaƙa aka gina ɗakin ajiye samfuran katako da ake danna wa a yashi kafin zubi, ginin da yake tsaye har yau. A daren 2 zuwa 3 ga Afrilun 1865, da sojojin Kudu suka janye suka cinna wa rumbuna wuta har ta cinye tsakiyar birnin, Anderson ya tsayar da rundunar ma'aikatansa da bindigogi suka tsare ma'aikatar, shi ya sa ta tsira alhali gidan makaman da ke kusa ya tashi. Ranar 4 ga wata Shugaba Abraham Lincoln ya shigo Richmond a ƙafa tare da ɗansa Tad, kwana goma kafin a harbe shugaban.

Daga nan ne labarin da ba a cika bayarwa ba ya fara, kuma ya fi na baya tsawo. Kafin 1865 ta ƙare Anderson ya sami afuwa daga Shugaba Andrew Johnson, ya karɓi ma'aikatarsa, ya kuma tayar da ita da kuɗin audugar da ya ajiye a Landan tun ana yaƙi. Layukan dogon Kudu duk sun lalace, don haka kasuwa a buɗe take, zuwa 1873 ma'aikata sun kai wajen 1,200, baƙaƙe da farare, yanzu kowa da albashinsa. Ina son in san yadda safiyar farko ta kasance ga mutumin da ya koma bakin murhun da ya tsaya jiya yana bawa, yau kuma yana ɗa, ga sandar nan dai ita ce, ga mai gidan nan dai shi ne. Wannan ma labarin yaƙin basasa ne, watakila ma shi ne ainihin sakamakonsa. A 1873 tattalin arziki ya sake karyewa, kamfanonin jirgin ƙasa da Tredegar ke bi bashi suka kasa biya, a 1876 kotu ta naɗa wa kamfanin mai riƙo. Ya farfaɗo bayan 'yan shekaru, amma ya farfaɗo a makare, domin a daidai wannan lokaci ne duniya ta koma ƙarfen sitil, wanda ake yi ta hanyar Bessemer: a hura iska cikin narkakken ƙarfe, ta ƙone sinadarin gawayin tan da yawa cikin mintuna kaɗan, aikin da mai tuƙi zai wuni yana yi a kan ɗan kaɗan. Tredegar ba ta da jarin sauya injina. Pittsburgh ta yi mata nisa, a Kudu ma Birmingham ta jihar Alabama ta sha gabanta. Ba igwar abokan gaba ce ta kashe sana'ar mai tuƙin ƙarfe ba, iska ce.

Duk da haka wutar ba ta mutu ba sai bayan wasu shekara 80. Anderson ya rasu a 1892, ɗansa Archer ya gaje shi, kamfanin ya ci gaba da rayuwa a kan ƙananan kaya: ƙusoshin layin dogo, da ƙarafan haɗa dogo da dogo, da ƙafafun tarago, da takalman dawaki, idan yaƙi ya tashi kuma a koma zuba ƙwanson harsasan igwa, kamar yadda aka yi a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, wannan karon domin gwamnatin da aka taɓa yaƙa. Unguwar Oregon Hill da ke kan tudu ta rayu ne da albashin wannan wuri da na maƙwabtansa, uba ya sauko aiki, ɗa ya biyo shi, jika ya biyo. Archer ɗin nan shi ne ya yi babban jawabi ranar da aka buɗe mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, a wannan birni a 1890. An sauke mutum-mutumin a Satumbar 2021, kuma a cikin watan ne aka buɗe abin tunawa da 'yantar da bayi a tsibirin Brown, a ƙofar ma'aikatar gidan su Archer.

A 1957 iyalan Anderson suka sayar da filin ga kamfanin takarda na Albemarle, aka kwashe abin da ya rage na aikin zuwa Chesterfield, wurin da ya ƙera igwa ya koma ma'ajiya. A 1962 Albemarle ta sayi kamfanin Ethyl a kan dala miliyan 200, ƙaramin kifi ya haɗiye babba, ta kuma ɗauki sunansa. Ethyl shi ne mai yin sinadarin dalma da ake zubawa a fetur, wanda daga baya duniya ta hana saboda illarsa. Gine-gine da yawa sun rushe ko an rushe su a waɗannan shekaru, ambaliyar guguwar Agnes ta 1972 ta ƙara nata. Amma adalci ne a faɗa cewa wannan kamfani shi ne ya kashe kuɗi ya gyara ɗan abin da ya rage, ciki har da ɗakin zuba igwa na 1861, har aka sanya wurin cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa a 1977. Sunan ma ya yi tafiyarsa shi kaɗai, don a 1989 Ethyl ta cire wani sashe nata mai yin roba da sanholo ta laƙaba masa Tredegar. Baƙon da ya ga gine-gine 'yan ƙalilan a tsakiyar ciyawa zai ɗauka ma'aikatar ke nan. Ya kamata a sa masa taswira babba ko ƙaramin samfurin wurin kamar yadda yake a da, cunkushe da rumfuna da bututun hayaƙi, a nuna masa wanda ya tafi da shekarar da ya tafi.

Na san amsar da wani daga cikinku zai ba ni, kuma amsa ce mai ƙarfi. An taɓa gwada abin da nake nema. A 1994 gidan tarihi na Valentine ya buɗe reshe a wannan harabar domin ba da labarin birnin da masana'antunsa da ma'aikatansa, aka kashe kuɗi masu yawa, baƙi ba su zo yadda aka zata ba, bashi ya taru, aka rufe a 1995. Abin da ya raya wurin bayan haka yaƙi ne: hukumar kula da wuraren shaƙatawa da tarihi ta ƙasa ta buɗe cibiyar baƙi a 2000, aka kafa mutum-mutumin Lincoln da ɗansa a 2003 duk da zanga-zangar masu kewar tsohuwar Kudu, aka buɗe cibiyar yaƙin basasa a 2006 wadda ta ba da labarin ta fuska uku, ta Arewa da ta Kudu da ta baƙaƙen fata, sannan aka haɗe ta da gidan tarihin gwamnatin 'yan aware a 2013, aka buɗe sabon gini a 2019 wanda ya rungume tsohon bangon jan bulo a cikin gilashi. Mutane suna biyan kuɗi don su ga takobi da tuta, ba don su ga ƙusa ba, na yarda. Amma ba ina cewa a sauke tuta a rataya ƙusa ba ne. Wancan yunƙuri ya nemi labarin masana'anta ya ɗauki nauyin kansa shi kaɗai, yanzu kuwa baƙin sun riga sun zo, suna tsaye a gaban igwar, abin da ya rage shi ne a juya su su dubi murhun da ta fito. Dubban mutanen da ke cika bakin kogin nan duk watan Oktoba don bikin kaɗe-kaɗen gargajiya na Richmond ma suna zama ne a kan filin da aka yi wannan aiki, kuma allo ɗaya a inda suke wucewa zai isa ya sanar da su.

Saboda haka, masu girma shugabanni, ga abin da nake fata ku duba a zamanku na gaba. A fara da sunayen, don shi ne mafi sauƙin kuɗi kuma mafi nauyin haƙƙi, ɗaliban jami'o'in birnin nan za su iya zama a kan littattafan kamfanin su fitar da su, a kuma yi shela ga iyalan da kakanninsu suka yi aiki a wurin bayan 1865, baƙaƙe da farare, su kawo hotuna da takardun albashi da abin da suka ji daga bakin manya tun masu tunawa ba su ƙare ba. Sannan a ware rana ɗaya a wata a hura wuta a harabar, maƙeri ya buga ƙusar dogo guda ɗaya a gaban jama'a, yara su ji zafin a fuskarsu daga inda aka tsayar da su. Idan kun amince da wannan na ƙarshen, ina da awartakin kakana da masabarsa a nan gidana, kuma ranar Asabar ba na aiki.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan maƙera mazaunin Richmond